Awa takwas a birnin Rum, ka zaɓi wuri ɗaya ko biyu kawai

Jama'a bari in faɗi abin da ya tsaya min a rai tun da muka dawo daga tafiyar nan ta jirgin ruwa a tekun Bahar Rum, don na san akwai masu shirin yi. In jirgi ya sauke ku da safe zai tashi da yamma, don Allah kar ku ce sai kun ga gari duka.

Na farko ma jirgin ba ya shiga Rum, a Civitavecchia yake tsayawa, wajen kilomita 80 ke nan, sai bas ta fito da kai daga tashar ka nemi jirgin ƙasa ka yi sama da awa ɗaya kafin Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta Rum, zuwa da dawowa kusan awa uku sun tafi ba ka ga komai ba tukuna. Kuma kyaftin ba ya jiran kowa sai waɗanda suka bi yawon da jirgin ya shirya da kansa, in ka makara toh da kuɗin aljihunka zaka bi shi tasha ta gaba.

Akwai wani bawan Allah da matarsa da muke cin abinci teburi ɗaya, ya rubuto wurare bakwai a takarda, Kolosiyam (tsohon filin wasan Rumawa), Fadar Vatican, maɓuɓɓugar ruwa ta Trevi, su kaza su kaza. Da daddare na ga matar ta cire takalmi ƙafa ta kumbura suntum, don titunan tsohon garin ƙananan duwatsu ne baƙaƙe aka jera, ba sa raga wa ƙafa ko kaɗan. Na ce Hajiya ya kika ga Kolosiyam? Ta ce daga waje suka yi hoto suka wuce, ba su sayi tikiti ta intanet ba tun da wuri. Ginin da aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya, mai cin mutum wajen dubu 50, minti goma suka ba shi. Wallahi abin ya min ciwo.

Ni da maiɗakina Pantheon muka nufa, wani tsohon wurin ibada na Rumawa, yuro 5 ne kuɗin shiga a lokacin. Tun zamanin Sarki Hadrian yake, kusan shekara 1,900, ƙubbarsa faɗin mita 43 ta kankare ce zalla babu rodi ko ɗaya a ciki, kuma har yau ko gezau. A tsakiyarta akwai ƙofa a buɗe wajen mita 9, rana na shigowa ta nan kamar an haska tocila a bango, muna zaune muna kallon hasken yana matsawa a hankali. In an yi ruwa ciki yake zuba, sai na duba ƙasa na ga 'yan ramukan da suka yi a daɓen marmara don ya tsiyaye, na tsuguna har na taɓa. Maiɗakina ba ta ce komai ba sai ikon Allah, ikon Allah.

Da muka fito muka sha ruwa a famfunan ƙarfen nan na kan titi da suke kira nasoni, kyauta, sanyi ƙalau, wani dattijo ya nuna min in toshe bakin da yatsa sai ruwan ya yi tsalle ta ƙaramar huda a sama. Daga nan muka taka Trevi, ba nisa, inda kuɗin da ake jefawa cikin ruwan ƙungiyar agaji ta Caritas ke kwashewa don mabuƙata. Cunkoso kam ba a magana, jaka a gaba, hannu a kan waya.

Na san wani zai ce malam ka san wahalar bizar Shengen ta shiga Turai kuwa, ka san nawa na kashe, wa ya san ko zan sake dawowa? Gaskiyarka, ni ma wannan tunanin ne ya hana ni barci daren. Amma shi ya sa ma nake ganin asara ce ka dawo da hoto ɗari uku ba ka iya tuna a ina ka ɗauki wanne.

Ƙarfe uku muka kama hanyar tasha, muka isa jirgi da sauran awa ɗaya da rabi, muka haɗa azahar da la'asar ƙasaru a ɗakinmu a natse. Muna kan bene muna shan shayi na hango wasu mutum huɗu suna gudu da ledoji a hannu, ma'aikata har sun fara shirin janye tsani.