Takarda a bango, gyambo a bayan Gwaggo

Ranar Asabar da ta wuce, bayan sallar azahar, na hau trotro, motar haya, daga Nima, unguwar zango da ke Accra a Ghana, zuwa gidan kula da tsofaffi inda Gwaggo take kwance tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama ta wata bakwai da suka wuce. Duk ɗan zango ya san irin gorin da ake yi wa wanda ya kai tsohuwarsa irin wannan gida, kuma na shanye gorin, domin ni da matata aiki muke fita, 'ya'yanta kuma suna Jamus, su ne ke aiko da sidi 3,000 da ake biya kowane wata.

Da matata ta ɗaga ta za ta canja mata zane, sai ga gyambo a ƙugunta ta baya, faɗinsa ya kai tafin hannun yaro, kunzugun da ke jikinta kuma da alama tun dare ba a taɓa shi ba. Kowace ma'aikaciyar jinya ta san cewa mara lafiyar da ba ya iya motsi ana juya shi kusan duk bayan awa 2, don kada fata ta mutu a inda ƙashi ke danne ta.

Na nufi ofishin shugabar gidan, na yi sallama, na gaishe ta. Ba ta ɗago daga wayarta ba. Na ce, "Madam, na zo ne kan ciwon da ke bayan Gwaggo." Ta ce, "Tsufa ne, Alhaji." Na roƙi a nuna mini littafin da ake rubuta lokutan juya marasa lafiya. A nan ne ta ajiye wayar a hankali, ta dube ni daga hula har takalmi, ta nuna wata takarda mai hatimi da ke rataye a bango cikin gilashi, ta ce, "Jami'an gwamnati sun zo, sun duba, sun sa hannu. Ko ka fi su sani ne?" Kafin in buɗe baki ta ƙara da cewa, "In da kuna iya riƙe ta, da ba ku kawo ta nan ba." Madalla da wannan tarbiyya! Ashe kuɗin da muke biya har da na zagi a ciki.

Wata mai shara ce ta raɗa mini a bakin ƙofa cewa a makon da ake jiran masu dubawa an yi fenti, an fito da sababbin zannuwan gado, an ɗauko ma'aikata biyu na aro, kuma da baƙi suka tafi aka mayar da zannuwan cikin akwati.

Iyayenmu suna ba da labarin samansaman, wato jami'an duba-gari, waɗanda ke faɗowa gidajen zango ba sanarwa, su buɗe randa, in sun ga tsutsar sauro su rubuta wa mace sammaci. Randar talaka ta isa a yi mata dirar bazata, amma gidan da ke karɓar dubban sidi yana riƙe da rayukan tsofaffi shi ne ke samun sararin shafa hoda kafin a iso. Dokar 2011, wato Act 829, ta tanadi ba da lasisi da sa ido kan wuraren kiwon lafiya. To, wane irin sa ido ne wanda bai haɗa da zuwa ƙarfe biyu na dare a ƙirga ma'aikatan da ke bakin aiki ba, bai haɗa da ɗaga bargo ba, bai haɗa da tambayar tsohuwar ita kaɗai ba tare da Madam tana tsaye a kanta ba?

Tun 2010 Ghana ke da manufar ƙasa kan tsofaffi, an kuma shafe shekaru ana yi mana alkawarin doka tasu ta musamman, gwamnati na tafiya wata na zuwa. Ƙidayar 2021 ta nuna masu shekara 60 zuwa sama sun kusa miliyan 2. Ana yafe wa mai shekara 70 kuɗin inshorar lafiya, an gode, amma katin ba ya biyan kuɗin irin wannan gida, ba ya kuma juya kowa a kan gado. Mu ma 'yan zango da laifinmu, domin kunyar a ce mun kai tsohuwa gidan kulawa ta sa ba ma kai ƙara ko'ina, masu gidajen kuwa sun san da haka.

A daren nan muka ɗauko Gwaggo a tasi. Madam ta ce kuɗin sauran kwanakin watan ba ya dawowa.