Muna binne mamatanmu tare da sanadin mutuwarsu

'Yan uwa na Zongo, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau sai na amayar da ita. A unguwanninmu na Accra, Nima da Mamobi da Madina da Sabon Zongo, mutum kan rasu da asuba, kafin la'asar an kai shi makwanci. Gaggauta jana'iza sunna ce, ba ni da ja a kanta. Damuwata ita ce sau tari wanda ya rasu a gida ba a rubuta abin da ya yi sanadinsa a ko'ina. Ka je gaisuwa ka tambaya, sai a ce maka "ɗan zazzaɓi ne" ko "kwana ya ƙare". Gaskiya ne kwana ya ƙare, amma hawan jini ne? Ciwon suga ne? Wace cuta ce take ɗauke mana magidanta 'yan shekara arba'in? Mu kanmu ba mu sani ba, balle masu raba magani.

Duk wadda ta taɓa kai yaro awo ta ga yadda abin yake. An rataye sikeli a ƙarƙashin rumfa, an sa jariri a ɗan buhun zane yana tsala ihu, ma'aikaciyar jinya ta duba nauyi ta rubuta a littafin uwa da ɗa, ta sake rubutawa a babbar rajistarta. Ƙarshen wata sai a haɗa jimilla a shigar cikin DHIMS2, tsarin kwamfuta da hukumar lafiya ta Ghana take aiki da shi tun 2012. Daga gunduma bayanin ya hau zuwa yanki, daga yanki ya isa hedikwata. Da irin waɗannan alƙaluma ake tsara inda za a kai allurar rigakafi da gidan sauro da ƙarin ma'aikata. Wanda ya yi jinya a ɗaki, ya sha jiƙo da ƙwayar kemis har ya cika, babu shi a lissafin nan. Unguwar da ba ta bayyana a lissafi ba kuwa, a idon mai kasafi lafiyarta ƙalau.

Kada wani ya ce ƙirge aikin banza ne. A Navrongo, can arewacin Ghana, masu bincike sun bi gida gida suna rubuta haihuwa da mutuwa shekara da shekaru. Da haka ne gwajin sinadarin bitamin A da aka yi tsakanin 1989 da 1991 ya nuna mutuwar ƙananan yara ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. A can kuma aka gwada gidan sauro mai magani, a can tsarin CHPS na zaunar da ma'aikaciyar jinya cikin ƙauye ya samo asali. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda suke gano sanadin mutuwa. Bayan an share makoki sai ma'aikaci ya zauna da wanda ya yi jinyar mamacin, ya tambaye shi: ya yi tari? Kwana nawa? Ƙafa ta kumbura? Daga amsoshin likitoci suke fitar da abin da ya fi kama da sanadi. Ba a taɓa gawa, ba a jinkirta jana'iza. To me zai hana a yi mana irin wannan a Zongo, tunda babban tsoronmu shi ne a riƙe mana gawa a ce sai an yanka?

Ku dubi soja. Asibitin soja na 37, wanda daga Nima ko da ƙafa ana zuwa, an kafa shi a 1941 lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma yau farar hula ne suka cika layinsa. Sojan da za a tura aikin wanzar da zaman lafiya a Lebanon ko Sudan ta Kudu sai an duba jikinsa, an san rukunin jininsa da alluran da aka yi masa. Kwamanda yana son sanin mutum nawa zazzaɓin cizon sauro ya kwantar masa, domin da wannan zai san ƙarfin rundunarsa. A ganina bayanan asibitocin soja da na farar hula dole su riƙa haɗuwa wuri guda kuma a kan lokaci, don kwalara ba ta tsayawa a ƙofar bariki. A 2014 ta kama mutum fiye da 28,000 a ƙasar nan, akasarinsu a yankin Accra.

Na san inda rashin yardarmu ya samo tushe. Ba mu manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau ba. A nan gida ma, a 2015 an dakatar da gwajin rigakafin Ebola a Hohoe bayan jama'a sun yi ca, saboda ba a fara zama da su an yi musu bayani yadda ya kamata ba. Don haka masu zuwa da takarda ko ƙaramar kwamfuta suna mana tambayoyi, ku ma akwai bashinmu a kanku. Kun ɗauki jinin yaranmu, kun ƙirga ɗakunanmu, sai ku tafi shiru? Ku dawo bayan sallar Juma'a ku faɗa mana da Hausa abin da kuka gano. Dokar kare bayanan jama'a ta 2012 ta ba kowa damar sanin abin da za a yi da bayanansa. Iyayenmu mata, ku nemi ganin katin aiki, ku tambayi wa ya aiko su. Idan kun gamsu, ku faɗi gaskiyar shekarun yaro da adadin mutanen gida, kada a rage kada a ƙara.

Ga limamanmu da sarakunan Zongo, Allah Ya ƙara muku daraja, roƙona ƙarami ne. Kowane masallaci da ke sallatar gawa ya ajiye littafi guda: suna, shekaru, ranar rasuwa, ciwon da aka yi jinya, an je asibiti ko ba a je ba. A naɗa matashi ɗaya mai ilimi ya raka iyalan ofishin rajistar haihuwa da mutuwa bayan sadakar uku. Duk wata uku kwamitin masallaci ya zauna da ma'aikatan lafiya na gunduma a buɗe littafin tare.