"Na bar shi da Allah" ba ta dawo da kuɗin firij

Jama'a, akwai wata ɗabi'a tamu da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. A cuce ka a ciniki, ka koma gida ka ce "na bar shi da Allah", gobe a cuci na bayanka.

Kwanakin baya ƙanwata da ke aure a Unguwar Rogo, a Jos, ta kwashi adashenta ta sayi firij a wani shago wajen Terminus, za ta fara sana'ar zoɓo da ƙanƙara. Kwana tara ya yi, ya daina sanyi. Muka koma, mai shagon ko tashi bai yi ba, ya nuna mana rubutun da ya manna a bango, wai kayan da suka fita ba sa dawowa. Na juya na ce mata ina rasit? Ta sunkuyar da kai: "Yaya, wallahi kunya na ji. Sa'an Baba ne fa."

To ga inda gizo ke saƙar. Mun ɗauki neman rasit kamar zargin mutum da sata. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, umarni take a rubuta bashi idan an ƙulla shi. Ina abin kunya a 'yar takarda mai kwanan wata da farashi?

Wancan rubutun bango kuma bai fi ƙarfin doka ba. Akwai dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018, wadda Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar CPC. Ta ba mai saye damar mayar da kaya masu aibi. Hukumar nan ce ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a 2024, kuma a shekarar ta rufe wani babban kanti a Abuja saboda farashin da ke jikin kanta daban, na wurin biya daban. Ta intanet ma ana shigar da ƙorafi, ba sai ka hau motar Abuja ba. In matsalar layin waya ce, hukumar sadarwa ta NCC na da lambar 622 ta kai ƙorafi. In banki ne ya zaftare maka kuɗi, ka fara rubuta musu, su gaza, sannan ka kai sashen kare kwastomomi na Babban Bankin Najeriya, CBN.

Ba zan yi muku daɗin baki ba, hukuma hukuma ce, akwai jan ƙafa, dole ka riƙa bibiya. Kuma ni ban ce a tsallake shugabannin kasuwa ba, sau da yawa a gabansu magana ke mutuwa cikin mutunci. Amma sulhun wanda ya san yana da wurin zuwa daban yake da na mai roƙo.

Abin da ya cece mu, ta waya ta tura kuɗin, alat ɗin na nan da sunan shagon. Na ɗauki hotonsa da na firij ɗin, muka zauna gaban shugaban layin su mai shagon a kasuwa. Na ce: "Alhaji, girmanka ne ya sa muka fara ta nan, in bai yiwu ba FCCPC zan rubuta wa." Ya yi shiru, ya ce a ba shi zuwa Asabar. Ranar Juma'a da yamma yaron mai shagon ya kawo wani firij ɗin a Keke Napep, kuɗin keken ma mu muka biya. Wannan karon sai da ta karɓi rasit.