Wai digirin adabi da al'adu ne kwas ɗin banza?

Makon jiya saura ƙiris a ɓata zumunci a ƙauyenmu saboda admishan. 'Yar maƙwabcinmu ce ta samu gurbi a jami'a, fannin nazarin al'adu, irin kwas ɗin nan da ake haɗa adabi da zane-zane da wasan kwaikwayo da tarihi a tukunya ɗaya, uban ya zo majalisa bayan la'asar baki har kunne, sai ƙanensa da ke aiki a birni ya ce "Haba Yaya, shekara huɗu ka sayar da riɗi da akuya don ta je ta koyo gatanan gatananku? Ta sake zana JAMB ta nemi nas ko kwamfuta mana." Majalisa ta ɗauka. Kafin magariba an gama yanke wa yarinya hukunci, ita kuwa ko tambayarta ba a yi ba.

Ni ba maganar mutum ɗaya ce ta ƙona min rai ba, wannan waƙar ce da ta cika Facebook yanzu, wai akwai kwasa-kwasan banza, wai sana'a ta fi digiri, kowa ya zama mai ba da shawara kan abin da bai taɓa leƙawa ba. Kuma ba yau aka fara ba, gwamnati da kanta ta daɗe da tsarin kashi 60 na gurabe ga kimiyya, 40 ga sauran, har darasin tarihi sai da aka cire daga ƙananan makarantu na tsawon shekaru kafin a ji kunya a dawo da shi. To yaron da ya tashi a haka me kake so ya ce?

Su masu wannan ra'ayin hujjarsu ɗaya ce, babu aiki. To a nuna min kwas ɗin da aiki ke jiran mutum a bakin get. Injiniyoyi nawa ne ke tuƙa adaidaita a Kano?

Abin da ba su gane ba shi ne, a duk karatun jami'a babu wanda ɗan ƙauye ya fi ɗan birni jari a cikinsa kamar wannan. Ɗakin gwajinsa a bayan gidanmu yake. Ka je Birnin Kudu, zanen shanu na nan jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa tun zamanin da ba wanda ya isa ya ce kakansa ya gani, ga duwatsun da ake bugawa su yi amo kamar kuge, amma yaran da ke kiwo a gindinsu nawa ne za su iya ce maka uffan a kai? Tukwanen Dawakin Tofa fa? Rinin Kura da Buzaye ke naɗawa har cikin sahara fa? Waƙoƙin daka da na niƙa da na daɓe, injin niƙa da siminti sun kashe su muna kallo, tsofaffin da suka iya su kullum sai an kai ɗaya makwanci. Takardun ajami kuma suna cikin adaka a zaurukan malamai gara na yin buɗa-baki da su. Duk wannan ba aikin nas ba ne, ba kuma aikin mai gyaran waya ba, aikin wanda aka koya wa yadda ake sauraro da rubutawa da fassarawa ne.

Kuma abin dariyar, su ɗin nan dai su ne suka fi kowa yaɗa hotuna a Disambar 2024 da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya. Suna zaton dawakai ne suka cike takardun? Su ne gobe za su zagi Kannywood wai labari ba ma'ana, an kwaikwayi Indiya, an ɓata tarbiyya, alhali duk yaron da ya ce zai karanci yadda ake gina labari sun kira shi malalaci. Bature ya taso daga Ingila ko Jamus ya zauna a ƙauye da rakoda, ya koma ya zama farfesa da waƙar kakarka, sai a hau kumfar baki an sace mana tarihi. Wa ya hana ka ɗauka? Ko a can ma fannin nan ba daga sama ya faɗo ba, a Jami'ar Birmingham aka kafa masa cibiya a 1964, kuma rayuwar talakawa da abin da suke karantawa da saurare suka sa a gaba, ba ta sarakuna ba.

Jami'o'in namu ma ba zan wanke su tas ba, wani lakcara sai ya cika ɗalibi da ra'in Turawa, wato tiyori, har ya gama bai taɓa zama gaban maroƙi ko magina ba. Ya kamata BUK da ta Dutse da ta Kafin Hausa su riƙa kora ɗaliban nan ƙauye ko zango ɗaya ne, ƙananan hukumomi kuma su ɗauki ko mutum bibbiyu su tattara abin da ya rage. Kuɗin bai kai na fentin sakateriya ba.

Yarinyar dai har yanzu takardar na hannunta. Jiya na ga uban ya kora akuya biyu kasuwa, ban tambaye shi na rajista ne ko na sabon fom ba.