Kadet na sojan sama a Birtaniya: a kai yaro tun yana shekara 12

Iyayen da ke zaune a Birtaniya, masu yaran da suka fara tasawa, da ku nake. Kun san yaran nan masu shuɗin kaki da ake gani suna fareti a tsakiyar gari a watan Nuwamba, ranar tunawa da 'yan mazan jiya? Kadet na sojan sama ke nan, 'yan ƙungiyar da ake kira Air Training Corps. Ni a ganina ya kamata a kai yara, kuma a kai su da wuri. Da yawa daga cikinmu sai yaro ya kai 16 labarin ke iso mana, lokacin kuwa rana ta riga ta yi nisa.

Wanda ya taso a Najeriya, da ya ji an ce kadet, hankalinsa zai tafi makarantar soja ta Zariya ko ta sojan sama da ke Jos, inda yaro ke kwana ya tashi a bariki. Wannan ba haka take ba. Yaro yana gidan iyayensa, yana zuwa makarantarsa, sai dai ya je fareti da yamma, yawanci sau biyu a mako, daga wajen ƙarfe 7 zuwa 9 da rabi. Ba ya sa hannu a kan wata takarda da za ta ɗaure shi da aikin soja. Ranar da ya gaji, ya mayar musu da kakinsu, shi ke nan. Rundunar sojan sama ta RAF ce ke ɗaukar nauyin ƙungiyar, hedikwatarta tana Cranwell a yankin Lincolnshire, amma masu koyar da yaran 'yan sa-kai ne da ke zuwa bayan sun tashi daga nasu aikin. An kafa ta ranar 5 ga Fabrairu 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a lokacin don shirya samari su shiga yaƙin aka yi ta. Yau ƙungiyar matasa ce, maza da mata. Duk da haka ba zan ɓoye muku ba: yaron da ya shekara biyar yana shiga sansanonin soja yana iya sha'awar aikin. Uban da ba ya so ko kusa, gara ya auna wannan tun kafin a fara.

Lissafin shekarun shi ne ya sa nake cewa a yi sauri. Ana karɓar yaro daga shekara 12, in ya shiga aji na 8 a Ingila da Wales. Ƙofar shiga tana rufewa ranar da ya cika 17, amma wanda ke ciki yana iya zama har ya kai 20. Kowane abu a ciki kuma da nasa ƙaidin shekaru. Ba a ɗaukar yaro a jirgi sai ya kai shekara 13 da wata 3, ya kuma gama horon farko, wanda kan ci watanni. Lambar yabo ta Duke of Edinburgh, wadda matasa ke samu ta hanyar aikin sa-kai da tafiyar daji da makamantansu, ana fara matakin tagulla a wajen 14, azurfa a 15, zinariya a 16. Tashi shi kaɗai a jirgi mara inji sai 16. To wanda ya shigo yana 12, kafin ya kai 16 ya riga ya haye matakai, yana da igiyar kofur ko ta saje a kafaɗa, malamai sun san shi, in gurbi ya fito sunansa ne a gaba. Wanda ya shigo yana 16 kuwa yana koyon dama da hagu tare da ƙannensa, ga jarrabawar GCSE a wuya, daga ita sai karatun shiga jami'a. Da wuya ya ci rabin abin da ke ciki.

Shigar ba wuya. A shafin ƙungiyar na intanet ana sa lambar unguwa, a ga sukwadiron mafi kusa. Sukwadiron shi ne reshen unguwa, kowanne da lambarsa da kwamandansa. Rassa da yawa ba kullum suke ɗauka ba, rukuni-rukuni suke yi, sau ɗaya ko biyu a shekara, wasu har da jerin masu jira. Saboda haka a tuntuɓe su tun yaro yana ƙarshen aji na 7. In akwai rassa biyu kusa da ku, ku je ku ga kowanne a daren fareti, domin ba ɗaya suke ba. Wani yana da malamai da yawa da motar kai yara, wani mutum uku ne ke riƙe da shi. Ku tambaya kai tsaye: yara nawa ne suka hau jirgi bara? Amsar za ta gaya muku abin da takardar talla ba za ta faɗa ba.

Kuɗin wata ya danganta da reshe, a wurare da yawa tsakanin fam 10 ne da 20. Kwamitin farar hula, wanda galibi iyaye ne, shi ke riƙe da asusun, kuma shi ake yi wa magana a asirce in hali ya yi ƙunci. Shuɗin kakin aro ake bayarwa kyauta: riguna, wando ko siket, suwaita, bel da hula. Baƙin takalmin fareti ku za ku saya, haka ma but na daji, kuma a rassa da dama har da kakin daji mai dabbare-dabbare. Kada a yi gaggawar sayen komai kafin a ba da jerin abin da ake so, domin takalmi mai ƙyallin roba da ake sayarwa a kanti ba ya karɓuwa.

A nan ne nake roƙon iyaye mata musamman su cire hannu. Guga da goge takalmi aikin yaron ne, kuma shi ne darasin farko. Zai koyi ɗora ƙyalle mai laima a kan wando kafin ya sa dutsen guga, don kada yadin ya ƙone ya yi sheƙi, ya fitar da kari ɗaya tak daga sama har ƙasa. Zai zauna da auduga da ɗan ruwa a murfi, yana shafa folish siriri-siriri a goshin takalmi, yana zagayawa a hankali har ya fara ganin fuskarsa a ciki. Wanda ya lafta folish da kauri don ya gama da wuri, da ya taka sau biyu sai ya tsage. Hular ma sai an jiƙa ta, a sa a kai, a daidaita bajo a saman idon hagu, a ja sauran zuwa dama, a bar ta ta bushe a haka. In Mama ce ta yi duk wannan, ranar da aka je sansani na mako guda asiri zai tonu.

Yanzu maganar jirgi, wadda ita ce ke jawo yawancin yara, kuma ita ce ke korar wasunsu in an yi musu alkawarin da ba haka yake ba. Iri biyu ne. Akwai Grob Tutor, ƙaramin jirgi mai inji ɗaya da kujera biyu gefe da gefe. Ana sa wa yaro kayan matuƙa, da hular kwano, da laimar sauka a baya, a nuna masa yadda zai fita in an samu matsala, sannan ya tashi da ƙwararren matuƙi na kamar minti 20 zuwa 30. In sun yi sama, matuƙin yakan sakar masa sandar tuƙi ya gwada, in yana so har a yi masa juyi a iska. Sai kuma Viking, jirgi mara inji, wanda ake ɗaura wa doguwar igiya, wani inji a ƙarshen fili ya fizge shi ya miƙe sama kamar ƙafa 1,000 cikin ƙasa da minti ɗaya, a saki igiyar. In babu iska mai ɗagawa, minti biyar ya dawo ƙasa.

Gurbin tashin nan kaɗan ne, kuma dole a faɗa wa yaro gaskiya. A watan Afrilu 2014 an dakatar da duk jiragen marasa inji saboda shakku a kan kula da lafiyarsu, aka daɗe ba a tashi ba, a 2016 aka rage yawan cibiyoyin, a 2018 aka yi ritayar Vigilant, wani jirgin horo da ake da shi a da, gaba ɗaya. Ga kuma yanayin Birtaniya. Yaro zai tashi da asuba, a yi tafiyar awa biyu, a wuni a ɗaki ana kallon gajimare, a dawo ba a tashi ba. Wannan ba sabon abu ba ne. Wanda ya hau sau ɗaya ko biyu a shekara ya yi sa'a. Gurbin yakan faɗa hannun wanda ba ya fashin fareti, wanda ke duba shafin kadet ya nemi gurbi da wuri, wanda takardunsa a cike suke in an kira da daddare an ce wani ya fasa.

Takardun nan su ne aikin iyaye na gaskiya. Akwai ta amincewa, akwai ta lafiya, kuma kafin kowane tashi akwai fom na musamman da ke tambayar asma, farfaɗiya, suma, ciwon kunne, da maganin da yaro ke sha. Don Allah kada a ɓoye asma don ana tsoron a hana shi. Amsar "e" sau da yawa ƙarin takarda daga likita take jawowa, wadda kan ɗauki makonni, shi ya sa ake fara nema tun kafin gurbi ya fito. Ko mura ce ta toshe masa hanci a ranar, ya haƙura, domin sauyin iska a sama yana taɓa dodon kunne. Ya karya kumallo da abu mara nauyi, cikin da babu komai ya fi saurin kawo jiri. Kuma haɗari ba ƙarya ba ne: a 2009 an yi karo biyu a sama, ɗaya kusa da Porthcawl a watan Fabrairu, ɗaya a yankin Oxfordshire a watan Yuni, kadet uku da matuƙa uku suka rasu. Bayan haka ne aka ƙara wa jiragen na'urar gargaɗin karo. Uba yana da haƙƙin ya san wannan kafin ya sa hannu.

Ana kuma koyar da harbi, daga bindigar iska zuwa ƙaramar bindiga, a filin harbi ƙarƙashin malami, kuma ba a ba yaro harsashi sai ya ci gwajin riƙe makami, wanda ake sabuntawa duk wata shida. Akwai taimakon gaggawa, karanta taswira, magana ta rediyo, kiɗan badujala ga mai so. A wurina abin da ya fi jirgin daraja shi ne ranar da za a tsayar da yarinya 'yar shekara 15 a gaban yara ashirin a ce ta koyar da su darasi na minti goma, ta kuma yi.

Batun addini a yi shi a fili tun ranar farko, kada a bar wa yaro shi kaɗai. Ƙa'idar sutura ta yarda da hijabi, sai a tambayi launin da ake so, kuma yarinya tana iya zaɓar wando. A ranar rantsarwa yaro yana yin alkawarin biyayya ga reshensa da sauke haƙƙin Allah da Sarki da ƙasa, sau da yawa a gaban limamin Kirista na reshen, kuma faretin Nuwamba yakan haɗa da shiga coci. Wanda yake da damuwa ya zauna da kwamanda su daidaita tun da wuri. Sallar magariba takan faɗo cikin lokacin fareti daga wajen Afrilu zuwa Satumba, to a nemi minti biyar da ɗan wuri mai tsabta. Abincin halal a sansani sai an rubuta shi a fom makonni kafin tafiya, domin da yawan sunayen da aka aika musu masu girki suke aiki, ba a gyara shi a bakin tukunya. In azumi ya haɗu da tafiyar daji ta Duke of Edinburgh, kwana biyu a matakin tagulla, uku a azurfa, huɗu a zinariya, ga jaka mai nauyi a baya, a nemi a sauya wa yaron rukuni zuwa bayan salla. Ana tsara ranakun ne tun farkon shekara, don haka a watan Janairu ake kai wannan magana.