Ba kowane baƙin ciki ne maganinsa "yi haƙuri" ba

Mace ta shiga ɗakin mai ba da shawara, idanunta jajir don rashin barci. Wata uku ke nan ba a biya ta kuɗin aikinta ba, ga yara, ga mai gidan haya yana sallama kullum. Abin da ta fara cewa shi ne, "Ni ce dai ba ni da sa'a." Mai shawara zai iya koya mata jan numfashi da kwantar da hankali, ya sallame ta. Zai kuma iya tambayarta, "Ku nawa ne ba a biya ba?" Idan ta ƙirga da yatsu ta ga hannu biyu bai ishe ta ba, maganar ta tashi daga rashin sa'a.

Ni ina bayan wannan tambayar. Wanda aka daɗe ana dannewa yakan ɗauki laifin ya ɗora wa kansa, har ya yarda cewa haka aka halicce shi. Duk shawarar da ta tsaya kan lallashi ta bar shi da wannan kayan a ka, azzalumin kuma ya yi barcinsa.

Frantz Fanon, likitan ƙwaƙwalwa, ya ga haka a asibitin Blida na Aljeriya, inda ya kama aiki a 1953. A 1956 ya ajiye aikin, domin ya ga yana yi wa mutane magani ne yana mayar da su cikin mulkin mallakar Faransa da ya jikkata su. A El Salvador, Ignacio Martín-Baró, limamin Katolika kuma masanin halayyar ɗan Adam, ya dage cewa ba a raba ciwon zuciyar talaka da yaƙi da talaucin da yake ciki. Sojoji suka harbe shi ranar 16 ga Nuwamba, 1989, tare da limamai biyar da mai dafa musu abinci da 'yarta.

Sai dai akwai inda nake jin tsoro. Mai shawara na iya zama ɗan siyasa a fakaice, ya ingiza mutum zuwa fagen da shi ba zai shiga ba. Idan matar nan ta haɗa kan abokan aikinta suka nemi haƙƙinsu, ita za a iya kora, shi yana kan kujerarsa. Don haka dole ya zauna da ita su auna abin: me dokar ƙwadago ta ce, akwai ƙungiyar da za ta tsaya mata, me yaran za su ci idan abin ya ɓaci? Idan ta ce ba yanzu ba, ya girmama maganarta, ya ba ta ranar dawowa.