Cinikin laifi a Amurka da sulhun ƙofar mai gari

A nan Amurka shari'ar da kuke gani a fim, lauyoyi na ta kai-kawo ana jero shaidu, ba kasafai ake yin ta ba. A 2012 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce kashi 97 cikin ɗari na waɗanda kotunan tarayya suka samu da laifi, da kashi 94 a jihohi, da bakinsu suka amsa. Mai gabatar da ƙara ne ke tayawa: amsa ƙaramin laifi, in janye babban.

Ba tausayi ke sa shi ba. Ƙararraki sun yi masa yawa, shari'a guda tana cin makonni da kuɗi. Shaida kan tsorata ya ƙi zuwa, hujja kan yi rauni, wanda ake tuhuma ya tafi abinsa. In an amsa kuwa, hukunci ya tabbata. Wani lokaci ma yaron ake sassauta wa don ya tona uban gidansa.

'Yan uwa a Maradi in na ba su labarin nan sai su ce ai sulhu ne, mu ma muna yi. Ban yarda ba. In shanu suka shiga gonar gero a wajen Tibiri, mai gona na zaune a ƙofar mai gari, da bakinsa zai faɗi dami nawa ya yi asara, shi za a biya. A nan Amurka wanda aka cuta sau da yawa sai dai a sanar da shi abin da aka ƙulla. Wanda ake tuhuma kuma, in talaka ne, lauyan gwamnati zai tare shi a barandar kotu, takardu cike da hammata, ya ce, “Karɓi wannan, in ka je shari'a ka faɗi sai ka ci ninkinsa.” Baƙo irinmu yana iya amsawa yau ya kwana gida, daga baya takardar kora ta biyo shi.

Faransa ta ɗauki irin nata cinikin laifin a 2004, Najeriya ta sa shi a dokar 2015, kuma mun ga manyan da suka ci dukiyar jama'a suka fita da tara. Abin da nake tsoro in ya zo Nijar shi ne mutanen da ke kaso suna jiran shari'a wata da watanni. Wanda ya gaji da zaman nan, aka ce masa amsa ka fita gobe, zai amsa ko akuyar ba shi ya sata ba.